Yadda za ka sake tsara cefanen gida bayan matsin tattalin arziki

Najeriya ta faɗa koma bayan tattalin arziki a 2016, ta fita a 2017, ta sake faɗawa a 2020 lokacin korona. Duk sa'ad da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce an fita, sai magidanci ya je kasuwa ya tarar mudun shinkafa na nan inda ya bar shi, ko ma ya ƙara. Abin da sanarwar ke nufi kawai shi ne ƙasa ta daina ja da baya, farashi kuwa bai cika saukowa ba. Saboda haka kada ka saki hannu don ka ji labari a rediyo.

Ka fara da biro da takarda. Wata guda cur, kai da uwargida ku rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin niƙa da katin waya da na tara na yara. Ƙananan nan su ke cinye albashi ba a sani ba.

Daga nan sai hatsi, kuma nan ne ya kamata kuɗin farko da ya shigo ya tafi. Masara, gero, dawa da wake sun fi araha da kaka, su yi tsada idan damina ta yi nisa. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗa kuɗi da maƙwabci ko ɗan'uwa, ku saro a babbar kasuwa irin Dawanau ku raba. Wake dai a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari ba za su ci ba.

Sai bashi. Mai kantin unguwa da ya riƙa ba ka a rubuce lokacin da babu, shi za ka fara sallama, domin gobe ma ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa. Manhajojin ba da rance a waya kuwa, ka yi nesa da su.

Abubuwan da aka yanke a dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina ƙwai da kifi da nama a tukunyar yara sun riga anko da sabuwar waya.

Babbar sayayya, firji ko babur, ta dakata tukuna. Wanda ya ga yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya san lissafi na iya rushewa dare ɗaya. Ka shiga adashi daidai ƙarfinka, kwasar farko ka ajiye ta domin asibiti da kuɗin makarantar zango mai zuwa.