Yadda Jama'a Za Su Kare Kamannin Ƙauyensu Idan Birni Ya Tunkaro Shi

Duk wanda ya san Rigasa kafin a buɗe tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, ko ya san Danbushiya kafin sabuwar unguwar Millennium City da ke Kaduna ta bunƙasa, ya san irin saurin da gona ke komawa fuloti. Babu mai hankalin da zai ƙi kwalta da lantarki da asibiti a garinsu. Amma abin da ke fara salwanta idan dillalan filaye suka shigo shi ne wuraren da kowa ke mora alhali babu mai riƙe da takardarsu, wato dandali da makabarta da filin idi da burtali da fadama, kuma waɗannan ne ke bambanta ƙauye da sabuwar unguwa. Saboda haka aikin kare gari ya kamata ya soma daga kansu, tun ran gini tun ran zane.

Da farko a roƙi dagaci ya tara masu unguwanni da liman da sarkin noma da arɗon Fulanin yankin, a sa rana a zagaya garin da ƙafa. Dattijan da suka san iyakoki su shige gaba, matasa masu waya su bi su suna ɗaukar hoto da murya, ana rubuta kowane wuri da sunan da aka san shi da shi, da gonakin da ke maƙwabtaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa. Kada a bar mata a baya, domin su ne suka san hanyar rafi da bishiyoyin ɗorawa da kaɗanyar da ake tsintar kalwa da 'ya'yan kaɗe a ƙarƙashinsu. Idan garin na Hausawa da Gbagyi ne a haɗe, kamar wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Chikun, to wajibi ne masallaci da coci da makabartun kowane ɓangare su shiga takarda guda, don kada dillali ya sami ɓarakar da zai shiga.

Daga nan sai a fahimci doka, domin a nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, amma da zarar gwamna ya ayyana yanki a matsayin birni, ikon ya koma hannunsa. Haka kuma idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka raya a kai. Ke nan faɗin cewa "tun kaka da kakanni namu ne" gaskiya ce, sai dai ba ta isa hujja a ofis ba. A yi wa ƙungiyar ci gaban gari rajista da amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a ɗauko safiyo mai lasisi ya auna wuraren jama'a ya kafa duwatsun iyaka, sannan a nemi takardar shaidar mallaka a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da sunan ƙungiyar. Ina jaddada sunan ƙungiyar, domin filin da aka rubuta da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, ranar da ya rasu yana iya faɗawa cikin rabon gado.

Idan mai kamfanin gine-gine ya zo, kada a bari ya bi gida-gida yana ciniki a ɓoye. A zauna da shi a ƙofar fadar dagaci, a nemi ganin taswirar da hukumar tsara birane ta KASUPDA ta amince da ita, a duba ko ta bar hanyar makabarta da hanyar da ruwa ke bi da damina, a kuma tambayi inda shanu za su ratsa zuwa mashaya. Burtalin da aka toshe da katanga yakan tura garke cikin gonaki, kuma kowa a jihar nan ya san abin da hakan ke haifarwa. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, lauya ya duba, hakimi ya shaida.

Manyan itatuwa irin su kuka da tsamiya da rimi a sa musu alama da fenti, a sanar da ɗan kwangila kafin katafila ta iso.

Tsofaffin gine-ginen ƙasa kuwa suna buƙatar kulawa ta gaske. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, ya kai kusan shekara 200 a tsaye, amma a watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Zauren tubali da azara yana daɗewa ne idan ana yi masa yaɓe da makuba kafin kowace damina, ana gyara indararo, ana duba ko gara ta ci azara. A nemo maginan gargajiyar da suka rage a garin, a biya su daga asusun ƙungiya, a haɗa su da samari biyu ko uku su koya. Shafe irin wannan bango da siminti kuskure ne, domin simintin yana tare laima a ciki har ƙasar ta rube ba tare da an lura ba.

Muryoyin dattijan da aka ɗauka da hotunan iyakoki da kwafin taswira kada su zauna a waya ɗaya. A buga kwafi uku, ɗaya a wajen dagaci, ɗaya a hannun sakataren ƙungiya, na ukun kuma a tuntuɓi Gidan Arewa da ke Kaduna, cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, a nemi shawararsu kan yadda za a ajiye shi.