Kafin ku hau duwatsun Vancouver

Ƙannena da ke shirin barin Jos zuwa Vancouver ta ƙasar Kanada, wannan naku ne, musamman masu cewa ai mu 'yan Jos sanyi ba baƙonmu ba ne. Hunturunmu busasshe ne, leɓe yake fasawa. Na can jiƙa mutum yake yi. A cikin birnin ma ruwan sama ya fi yawa, dusar ƙanƙara sai jefi-jefi. Mai son ganinta sosai sai ya hau dutse: Grouse, Cypress da Seymour suna bakin gari, Whistler kuwa tafiyar kilomita wajen 120 ce ta arewa a kan hanya mai lamba 99.

Za ku ji ana cewa dusar da ke sauka a Whistler tana kai mita 11 a shekara. Haka ne, amma a saman dutse ake auna ta. Ƙauyen da ke gindinsa tsayinsa mita 675 ne kacal daga teku, wato Jos ta fi shi tudu nesa ba kusa ba, ƙololuwar kuma ta haura mita 2,100. Hadarin daga tekun Fasifik yake tasowa, cike da danshi da ɗan ɗumi. Shi ya sa rana guda sai a yi ruwa a ƙasa, a tsakiya wata caɓa-caɓa, can sama kuma dusa fara fat. Idan kuna duba hasashen yanayi, ku nemi tsayin da sanyi ya kai na daskarar da ruwa. In ya sauko ƙasa, ranar taku ce. In ya haura sama da mita 2,000, ku riƙe kuɗinku, tikitin hawa ba arha ba ne.

Ita kanta dusar bakin teku nauyi ne da ita. Ka damƙa ta dunƙule a hannu kamar curin fura, ba irin ta can cikin Kanada, nesa da teku, ba da iska ke kwashewa. Tana kama dutse da kyau, amma tana gajiyar da ƙafar ɗan koyon wasan zamiya a kan dusa, kuma minti kaɗan ta ratsa safar hannu ta ulu. Don haka rigar sanyin da kuka zaɓo a gwanjon Katako, ku sa ta daga ciki. Ta waje, da wando da takalmi, su zama waɗanda ruwa ba ya shiga.

Tabbacin samun dusa kuwa babu shi. A 2010, lokacin gasar Olamfik ta hunturu, ɗumi ya narkar da dusar Cypress har sai da aka yi ta jigilar wata da manyan motoci da jirage masu saukar ungulu. Whistler ta fi zama abin dogaro saboda tsayinta, ana buɗe ta a ƙarshen Nuwamba, amma ni dai ba zan ba baƙo shawarar zuwa da wuri ba. Janairu zuwa Maris ya fi.

Mai tuƙi ya sani, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris doka ce sai da tayoyin hunturu a hanyar Whistler mai lamba 99. In babu, a hau bas. A kuma yi sammako, don a Disamba kafin huɗu da rabi magariba ta yi.