Yadda matashi zai ci moriyar ziyara a motar safa tare da iyalinsa a ƙasa mai tsarki

Iyalai da dama daga Sakkwato sukan tafi Umra da 'ya'yansu matasa a lokacin hutun makaranta, kuma kusan duk kamfanin da ya shirya tafiyar yakan haɗa da ziyara a cikin motar safa tare da jagora mai yin bayani. Abin da na gani a tafiyar da na yi da ɗana mai shekara 15 shi ne, manya suna shiga motar cike da ɗokin ganin wuraren da suka daɗe suna jin labarinsu, yaran kuwa sai su nufi kujerun baya su duƙufa a kan waya har a dawo masauki. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, shi ya sa nake magana da kai matashi, kuma maganar ta shafi 'yan mata kamar yadda ta shafi samari.

Shiri yana farawa ne tun kafin ku isa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Fasfo da biza da katin rigakafin shawara da sanƙarau suna hannun mahaifinka, amma ka ɗauki hotonsu a wayarka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka koma ga malaminka na Islamiyya ka roƙe shi ya maimaita maka tarihin Hijira da na yaƙin Uhudu, domin jagora ba ya da lokacin koyar da sira daga farko. Yakan yi bayani ne a gurguje yayin da mota ke tafiya, wanda bai san labarin ba kuwa duwatsu kawai zai gani.

A ranar ziyara ka riga kowa saukowa, da alwalarka, domin a Madina galibi da Masallacin Ƙuba ake farawa, masallacin farko da aka gina a Musulunci, inda ake so mutum ya taho da tsarkinsa daga masauki ya yi sallar nafila. Ka nemi kujera kusa da jagora bayan dattawa sun zauna, saboda muryarsa ba ta cika kaiwa baya sosai ba. Ka riƙe rigar sanyi mara nauyi. Ɗan Sakkwato yana ganin babu zafin da zai ba shi tsoro, kuma yana da gaskiya, sai dai sanyin na'urar cikin mota bayan an fito daga rana shi ne yake takura wa mutane tun kafin su kai Makka.

Uhudu ne wurin da nake so ka fi natsuwa. A nan aka gwabza a shekara ta 3 bayan Hijira, kuma a nan aka binne Sayyidina Hamza da sauran shahidai kimanin 70. Za a nuna muku ɗan ƙaramin tudu a gaban babban dutsen, wanda Annabi (SAW) ya tsayar da maharba 50 a kansa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su da kada su sauka ko me suka gani. Idan akwai lokaci ka hau shi, domin hawansa ba ya da wuya, ka tsaya ka dubi filin, ka tambayi jagora ta ina Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahayan dawakinsa bayan mafi yawan maharban sun sauka. Tambaya ɗaya irin wannan takan sa jagora ya saki jiki ya yi bayanin da bai yi niyyar yi ba, duk motar ta amfana.

A Uhudun nan ne kuma ɗana ya ɓace mana na kusan rabin awa. Ya tsaya sayen dabino, da ya waiwayo sai ya tarar da motoci masu yawa jere, launinsu ɗaya, ya rasa wadda ya sauko daga ciki. Saboda haka duk inda aka tsaya, kafin ka yi taku ɗaya ka ɗauki hoton lambar motar, ka ji ƙarfe nawa aka ce a dawo, ka kuma tabbatar katin otal ɗinku yana aljihunka. Ka tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma waya za ta iya yaudararka idan ba ta gyara lokacinta ba. Wanda ya makara ba iyayensa kaɗai yake tsayarwa ba, har da tsofaffi da masu goyo da ke zaune suna jiransa.

Waya tana da amfaninta idan ka mayar da ita abin hidima. Kai ne za ka iya taimaka wa Inna da Baba su nemi izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, kai ne za ka lissafa musu riyal da naira a kasuwa. Ka kama hannun kaka wajen hawa da sauka, kuma kada ka ɗauki hoton matan mutane ko na wanda ke kuka a gaban kabari.

Tafiya mafi tsawo ita ce daga Madina zuwa Makka, kimanin kilomita 450, wadda takan ci awa 5 zuwa 6 a mota. Za a tsaya a miƙatin Zul Hulaifa, kusa da Madina, a ɗaura niyya. Ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun a masauki, ka kuma koyi ɗaurinsa sosai kafin ranar, domin cunkoson miƙati ba wurin koyo ba ne. Ka rage shan shayi da safe tunda zangon da za a yi kaɗan ne. Idan gajiya ta fara sa ka ƙosa, ka leƙa ta taga ka dubi baƙaƙen duwatsun da ke gefen hanya, ka tuna cewa mutanen ƙasarmu a da sukan ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, su shafe shekaru kafin su tsallaka Bahar Maliya, kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya bar Sakkwato a 1903 ya fuskanci gabas, aka kashe shi a Burmi bai kai ba. Ka ɗaga murya da talbiya tare da sauran maza.

A Makka za a zagaya da ku Mina da Muzdalifa da Arfa, a nuna muku dutsen Saur da dutsen Nur inda kogon Hira yake. Mota a gindin dutsen take tsayawa na ɗan lokaci kaɗan, hawansa kuwa yakan ci fiye da awa guda, don haka idan kana da sha'awar hawa ka roƙi mahaifinka ku ware wata safiya daban, ku tafi da ruwa isasshe da takalmi mai kama ƙasa.