Yadda zaka hana ƙwaƙwalwarka yi maka wayo wajen yanke shawara

Gaskiya sanin sunayen kurakuran tunani baya hana mutum faɗawa cikinsu. Shi kansa Daniel Kahneman da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002 saboda bincikensa kan irin waɗannan kurakuran ya faɗa da bakinsa cewa duk shekarun da ya kwashe yana nazari basu gyara masa tunaninsa na gaggawa ba. Kaga kenan abinda zai taimake ka shine ka tsara wa kanka matakai tun shawarar bata iso ba, don in ta iso zuciya ta riga ta ɗau zafi.

Fara da lamba, don ita tafi saurin kama mutum. A binciken da Kahneman da abokinsa Amos Tversky suka wallafa a 1974, sun sa mutane kallon wani faifai da ake juyawa irin na caca wanda aka riga aka saita shi ya tsaya kan 10 ko 65, sai aka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen kashi 45. Lambar da kowa yasan bata da alaƙa da tambayar fa, amma sai da ta ja su. To ina ga lambar da wani ya zauna ya shirya musamman don ya ja ka? Shi yasa kafin ka shiga ciniki ko maganar albashi ko sayen wani abu mai tsada, ka yi bincikenka ka rubuta naka farashin a waya ko a takarda tukunna. In ɗayan ya jefo lamba mai nisa kar ka fara ragewa daga ita, kana fara haka ka shiga gidansa, ka koma kan wadda ka rubuta kawai. Wancan tsohon farashin da ake ja wa layi a shafukan sayayya a rubuta sabo a gefe, kayi kamar baka ganshi ba, tambayar ita ce abun ya kai kuɗin da zaka biya yanzu ko bai kai ba.

Sai kuma son ganin abinda ya gaskata ra'ayinka, wannan a wajena shi yafi haɗari saboda kana cikinsa kana jin kamar bincike kake. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya gwada shi a 1960, ya bawa mutane 2, 4, 6 yace su gano dokar dake bayansu ta hanyar kawo nasu lambobin uku, sai yawanci suka dinga kawo irin 8, 10, 12 ana ce musu daidai ne suna ta murna sun gano, alhali dokar kawai ita ce duk lambobin da suke hawa sama. Basu gwada abinda zai ƙaryata su ba, shi yasa suka kasa. Kai ma ka rubuta a layi ɗaya, me zan gani da zai sa in canza ra'ayi? In baka da amsa to ba shawara kake ba, ka riga ka yanke tuni. In kana bincike a Google ka nemi kishiyar abinda kake so ka ji, sannan saƙon da aka turo maka a WhatsApp wanda yayi maka daɗi sosai shi zaka fi tsananta wa bincike kafin ka tura gaba.

Akwai kuma ƙin barin abu saboda ka riga ka zuba kuɗi ko lokaci a ciki. Birtaniya da Faransa sunci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde duk da alamu sun nuna kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi bazai dawo ba, har ake kiran kuskuren da sunan jirgin. Zafin asara a zuciya ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya, to mutum sai ya gwammace ya ƙara asara akan ya yarda ya tafka ta. Ka tambayi kanka, da yau zan fara, da abinda na sani yanzu, zan saka kuɗina? In a'a ne ka fita. Kuma tun ranar farawa ka rubuta iyakar da in an kai ta zaka tsaya, ka faɗa wa wani wanda baya jin nauyinka don ya tuna maka.

Lissafin lokaci da kuɗin aiki kuwa kar ka yarda da na cikin kanka, ka tambayi waɗanda suka yi irinsa nawa ya ci musu. Babban gidan wasan waƙe na Sydney an ce za a gama a 1963 kan dalar Ostireliya miliyan 7, sai 1973 aka gama kan miliyan 102. Dabarar masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein tana aiki anan sosai, kafin a fara ku zauna ku ɗauka cewa shekara ta wuce kuma aikin ya rushe, kowa ya rubuta dalilin rushewar shi kaɗai kafin a karanto, saboda in babba ya fara magana sauran binshi kawai zasu yi.