Sababbin zuwa Perugia, ku fara da hanyar ruwa

Salam 'yan uwa, musamman ƙannenmu da suka samu gurbin koyon Italiyanci a Università per Stranieri. Maganar takardu kun sha ji, ku karɓi fom ɗin permesso di soggiorno, wato takardar izinin zama, a gidan waya kafin kwana 8 na aiki su cika da isowarku, ku yi codice fiscale, wato lambar haraji, shikenan. Ni abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne ƙafa, don garin nan a kan tudu yake, wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi satin farko sai gwiwa ta gaya masa.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Fontivegge kar ka ce za ka ja akwati zuwa cikin gari, hau minimetrò, ɗan ƙaramin jirgin da ke hawa tudun, ka sauka Pincetto. In ka huta kwana biyu sai ka nemi Via dell'Acquedotto, ba ta da nisa da Palazzo Gallenga inda makarantar take. Wata siririyar hanya ce a saman gada mai bakuna, kana tafiya kana hango rufin gidajen mutane a ƙasanka, ita ce yanke tsakanin unguwar Porta Sant'Angelo da tsakiyar gari, kuma babu mota ko ɗaya. Na fi wata biyu ina binta kafin wata tsohuwa maƙwabciyata ta ce min ai ba don mutane aka gina ta ba, ta ruwa ce.

Wallahi tun ranar nake kallonta da wani ido daban. A 1254 suka fara aikin jawo ruwa daga Monte Pacciano, wajen kilomita 4 daga gari, matsalar kuma ita ce tsakanin dutsen da garin akwai kwari, ga dandalin da ake son ruwan ya fito shi ma a can sama yake, ba inji ba lantarki. To ka san tiyon da magina suke cika wa ruwa su gwada lebur? Duk yadda ka lanƙwasa shi ruwan baki biyun daidai yake tsayawa. Dabarar kenan. Suka rufe ruwan cikin bututun dalma, ya gangaro daga wuri mai tsayi, nauyin na baya yana tura na gaba har ya haura tudu da kansa. Faɗa da baki sauƙi, amma bututu ya jure wannan matsi a wancan zamanin ba wasa ba ne, aikin ya tsaya ya tashi, sai da aka sa wani malamin coci Fra Bevignate ya jagoranta tare da Boninsegna, gwanin ruwa daga Venezia, sannan a 1280 ruwa ya iso Fontana Maggiore, babbar maɓuɓɓugar ruwa da aka gina a dandalin. Shekara 26 fa! Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran ɗan garuwa da asuba ya san abin da mutanen nan suka ji ranar.

Fontanar tana Piazza IV Novembre gaban babban coci, Nicola Pisano da ɗansa Giovanni ne suka sassaƙa ta. Ka zagaya ta a hankali, watannin shekara ne aka zana kowanne da aikinsa, girbi, sussuka, matsar inabi, har sunayen watanni za ka riƙe a nan. Akwai shingen ƙarfe, kar ka tsallaka don hoto, kuma ba ta sha ba ce, ruwan famfon gidanka lafiya lau yake.

A 1835 aka daina amfani da hanyar ruwan, maimakon su rushe sai suka sa mata katanga gefe da gefe ta zama ta ƙafa, har gidaje suka buɗe ƙofa a kanta. Shi ya sa dan Allah in kuna dawowa da dare ku rage murya, tagar ɗakin kwanan wani kuke wucewa, waya da gida a bari sai an isa ɗaki. Sannan matakalar Via Appia da za ta kai ka sama tana da santsi in an yi ruwa ko sanyi ya sauka, silifas ba naka ba ne a nan, sayi takalmi mai kama ƙasa tun kafin Nuwamba.