Babi na 4: Aiki da motar ɗaga kaya a cikin sito

Darasi na 1: Ka san motar

Fokilif, wato motar ɗaga kaya, ƙarama ce a ido, amma wadda ke ɗaukar kayan tan 2 da rabi, nauyinta ita kanta ya kan kai kusan tan 4. Idan ta taka ƙafar mutum, ƙashi ya karye. Tayoyin baya ne ke juya ta, shi ya sa in ta sha kwana bayanta ke lilo waje. Wanda ya tsaya tsakaninta da bango, matse shi za ta yi.

Darasi na 2: Sauke kaya kafin ka motsa

A nan aka fi yin kuskure, don haka mu bi a hankali. Ka zura ƙarafunan nan biyu na gaban motar a ƙarƙashin katakon kaya har ƙarshe. Ka ɗaga. Ka ja baya kaɗan, ka tsaya cak. Yanzu sauke kayan, su dawo kamar santimita 15 daga ƙasa, wato bai kai taƙi ɗaya ba. Ka karkato su baya, wajenka. Sannan ka tafi.

Mu sake. Ka tsaya, ka sauke, sannan ka tafi. Madalla, kana ganewa. Kar ka damu in hannunka ya ruɗe da farko, kowa haka ya fara.

Me ya sa? Kaya a sama su kan rinjayi motar, shan kwana ɗaya ya ishe ta kifewa, kuma suna tare maka gani. Faɗi da bakinka: tsaya, sauke, tafi.

Amma fa ɗan'uwa, kullum sai an faɗa, kullum sai a ga mutum yana gudu da kaya a sama wai yana sauri. Saurin me? Kan abokin aikinka ne a ƙasa. Sauke kayan nan!

Darasi na 3: In ta fara kifewa

Kar ka yi tsalle, rufin motar ne zai danne ka. Riƙe sitiyari gam, tokare ƙafafunka, ka karkata jiki ɓangaren da ba ta faɗuwa. Ɗaura bel tun kafin ka tayar da ita.

Darasi na 4: Masu tafiya a ƙasa

Kar ka bi ƙarƙashin kayan da aka ɗaga. Kar ka hau ƙarafunan. Direba ya danna hon a kowace kwana.

Darasi na 5: Ajiye mota

Sauke ƙarafunan har ƙasa, ja birkin hannu, cire makulli.