Masu mota mai lantarki, kafin ku sa baƙin gilashi

Salam 'yan uwa. Wallahi kar duhun ledar da ake manna wa gilashi ya ruɗe ku, ba baƙi ne ke tare zafi ba, irin ledar ce. Wata za ka ganta baƙa ƙirin amma ka shiga motar da rana sitiyari ba ya taɓuwa, ana haka kuma ta koɗe ta koma shunayya.

Ku nemi ta siramik ko da mai haske ce. Ita ke tare zafin sosai, kuma mu masu lantarki abin ya fi shafar mu tunda esi daga batir yake sha, in motar ta yi zafi sai ya yi ta aiki kana kallo caji na sauka. Leda mai ƙarfe a ciki kuwa ni dai ban ba da shawara ba, tana iya rage sabis ɗin waya da GPS.

Masu rufin gilashi irin Tesla Model Y kar ku manta da saman, kuma ka ce wa mai sawa kar ya rufe kyamarar gaba. Ka tambayi duhun da doka ta yarda a inda kake.

In an gama kar a sauke gilas sai bayan kamar kwana 3, hazon da za ka gani ruwa ne zai bushe.